Mariƙin Bindigar Zalika

Ghali ɓarawo ne, kuma ɓarawon amana, wanda ya fi mai fasa shago muni, domin shi da hannu biyu ake miƙa masa makulli. Abin da ya sata guntun katako ne da bai fi cikin tafin hannu ba. Wanda bai sani ba zai ce abin bai kai a yi magana ba. To, shekara biyu na rayuwar wata baiwar Allah ne a jikin katakon nan.

Mai katakon ita ce Hajiya Zalika, mutuniyar Maradi, mai shagon kayan yara a hawa na biyu na kasuwar Canaan a Guangzhou. Ghali Bakano ne, shagonsa na jikin nata, sana'arsa kai samfur. Ka ba shi takalmi ko jaka, ya kai masana'anta, bayan mako guda a fito maka da dubu irinsa. Kullum bakinsa ba ya rabo da cewa, “Babu abin da garin nan ba ya haifa wa tagwaye.”

Wani mai masaƙa ne ya fara kai su kulob ɗin harbi, can bayan unguwar Tianhe, don ya kyautata wa abokan cinikinsa. Kowa ya harba biyar, aka yi hoto, aka watse. Zalika ce ta koma mako na gaba, ta kuma ci gaba da komawa. Daga baya Ghali ya bi ta, don ba ya iya ganin wani a kan abu bai sa ƙafa ba. A can ba a wasa da bindiga. Ba ta ƙetare ƙofar kulob, sai ka ajiye fasfo a ba ka ita, a ƙirga maka harsashi, in ka gama a ƙirga kwanso. Mariƙin katako kaɗai, wanda noti ɗaya ke riƙe da shi, ake barin mutum ya kwance ya tafi da shi gida.

Zalika tana da matsala tun ran farko. Ƙofar kwantena ta taɓa datse mata dogon yatsan hannun dama, ya warke a karkace, saboda haka babu mariƙin da ke zauna mata. Malama Lin, tsohuwar da ke koyarwa a kulob ɗin, ta ba ta magagari da samfefa, ta nuna mata yadda ake kwaɓa garin katako da gam. Inda ya tokare ta, ta goge. Inda ya bar rami, ta cike, ta matsa hannunta a kai tun yana ɗanye. Shekara biyu tana wannan, har mariƙin ya yi muni kamar doyar da ɓera ya ci, amma in ta kama shi sai ka ce tare aka halicce su. Sau biyu tana zuwa ta huɗu a gasar kulob, alhali mutum uku ake ɗauka su wakilci kulob a gasar birane. Bana ce damarta ta ƙarshe, don ta riga ta yanke shawarar komawa Maradi baɗi.

Saura kwana goma sha ɗaya gasa, aka kira ta garin Foshan duba kaya. Ta bar wa Ghali makulli saboda masu zuwa ɗaukar dila. Mariƙin yana cikin safa a aljihun tebur, inda takan ciro shi ta riƙa motsa hannu in babu ciniki.

Da ta dawo bayan kwana biyu ta zazzage safar, sai wani abu mai sheƙi ya faɗo, sumul kamar ƙwai, yana warin man katako. Babu tudu ko ɗaya, babu kwarin yatsanta.

“Malam Ghali!” ta kira. “Zo nan. Mi aka yi ma wanga abu?”

Ya leƙo yana murmushi, da kofin shayi a hannu. “Haba Hajiya, ai godiya za ki yi. Na gan shi duk ƙuraje kamar mai ƙyanda, na ce matar da ke sayar da kaya masu kyau ba ta dace da wannan ba. Na sa aka gyara miki. Ku Faransawa ba ku san kwalliya ba.”

Ta juya katakon. A cikin ramin notin ta ga ɓurɓushin shuɗiyar roba, irin wadda ta sha gani a masana'antar maɓalli, wadda ake ɗaukar siffar abu da ita kafin a yi zubi. Nan ta gane komai. Ghali ya kai shi an ɗauki siffarsa, robar ta ɓamɓaro kwaɓin da ta yi shekara biyu tana ɗorawa, su kuma suka goge sauran suka shafa mai don kada a gane.

“Ina tagwayen?” ta ce.

“Wane tagwaye? Meyo, in ji Sinawa, babu, Hajiya. Wallahi gyara ne kawai.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi makullinta, ta rufe shago da rana tsaka, ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa kulob.

Malama Lin ta dubi katakon, ta ajiye shi gefe kamar gawar kaza. Da ɗan Sinancin Zalika da taimakon waya suke fahimtar juna. Tsohuwar ta ce kwana tara ba ya gina abin da shekara biyu ta gina, ta ɗauko mariƙin kulob na gama-gari ta ɗaura mata. Zalika ta tsaya a layin mita ashirin da biyar ta harba goma. Duka suka taru ƙasa, gefen hagu, ko ɗaya bai shiga baƙin tsakiya ba.

“Shi ke nan, Malama,” ta ce. “An kashe ni.”

Tsohuwar ba ta ba ta haƙuri ba. Ta juya baya ta zuba mata harsashi da kanta, ta miƙo. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. A na uku kunamar ta yi ƙas, babu ƙara, don harsashin bogi ne ta saka a tsakiya. Amma bakin bindigar ya dunguri ƙasa kamar an ja shi da igiya.

“Kin gani?” in ji Malama Lin. “Babu harsashi, babu shuri, wa ya tura ta ƙasa? Ke ce. Kina tsoron shurin, kina matse ƙaramin yatsa kafin ya zo. Katakonki ya daɗe yana rufa miki asiri. Tudun da kika gina a ƙasa shi ke tare wannan matsar.”

Maganar ta yi wa Zalika ciwo fiye da satar. Sai dai ita mace ce da in an nuna mata laifinta ba ta neman wanda za ta ɗora wa, abin da ya yi ƙaranci a zamanin nan. Ta ce a sake koya mata tun daga farko.

Tsohuwar ta kama hannunta ta jera yatsun ɗaya bayan ɗaya. Yatsu biyu na tsakiya su ne ma'aikata, su danno mariƙin kai tsaye cikin tafin hannu, da ƙarfi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ƙaramin yatsa baƙo ne, ya zauna ya yi shiru. Babban yatsa ya kwanta barci. Manuni shi kaɗai ke tafiya, a hankali, ba ya gayyatar kowa. Wuyan hannu a kulle. In bindiga ta yi tsalle a bar ta, kada a yi kokawa da ita, in riƙon daidai ne da kanta za ta dawo inda ta tashi. Karkataccen yatsan kuwa, ta sa ta sauke hannun kaɗan ta yadda gaɓarsa ta biyu ce za ta danna, ba kansa ba.

Kwana tara Zalika ta yi kamar mai ramuwar azumi. Kullum da hantsi tana kulob, tsohuwa na cusa mata na bogi inda ba ta zata ba. A shago kuma ta cika butar alwala har baki, ta miƙe hannu da ita, tana lanƙwasa manuni shi kaɗai, idonta a kan ruwan. In ya girgiza ta sake. Matan Ghana na shagon gaba suka riƙa dariya suna tambaya ko aljanu take wa tayin ruwa. Rana ta huɗu kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa, ta gasa ta da ruwan zafi ta ci gaba. Rana ta bakwai kunama ta faɗa kan na bogi, bakin bindiga bai motsa ba. Malama Lin ta ce, “Hawo,” wato da kyau. Shekara biyu ba ta taɓa gaya mata haka ba.

Ranar Asabar da safe mutum goma sha shida suka yi layin tantance kaya. Ana sa kowace bindiga a akwatin awo, a rataya wa kunama nauyin kilo guda a ga ko za ta ɗauka. Da aka zo kan Ghali, sai ga baƙin mariƙi na roba mai tauri, duk tudu da kwari. Malama Lin ta juya shi, ta sa yatsa a wani karkataccen kwari, ta ɗaga shi ga haske. Zubin ya yi kyau har ya wuce misali: zanen babban yatsan Zalika, wanda ta danna a ɗanyen kwaɓi, ya fito raɗau a jikin robar. Tsohuwar ta yafito ta.

Ghali ya matso yana raɗa. “Hajiya, don girman Allah a rufa asiri. Mu duka baƙi ne a ƙasar mutane. Ki ce ke kika ba ni aro.”

“Aron mi? Ai ka ce meyo.”

Malama Lin ta kwance mariƙin ta miƙa mata. “Siffar hannunki ce. In kina so, a ɗaura miki yanzu.”

Zalika ta kama shi. Ya zauna mata kamar ta sa ƙafa a tsohon takalminta, kowane yatsa ya faɗa ɗakinsa. Zuciyarta ta ce ɗauki, haƙƙinki ne. Sai ta ji ƙaramin yatsanta ya sami tudun nan ya fara matsawa da kansa, kamar bai taɓa jin wa'azin kwana tara ba. Ta ajiye shi a tebur.

“Na gode, Malama. Da wancan na daidaita saitina, da shi zan harba.” Ta dubi Ghali. “Shi kuma a ɗaura mashi abinshi. Tunda ya sha wahala ya samo, ya ci moriya.”

Dokar awo ba ta hana ba, don haka aka ɗaura masa.

Zagayen farko harbi talatin ne a natse, Zalika ta fito ta biyar. Zagaye na biyu shi ne mai wuya: hannu a ƙasa, jar fitila daƙiƙa bakwai, koriya daƙiƙa uku, a cikinsu za ka ɗaga, ka saita, ka harba. A nan riƙo ke tona asirin kowa. Koriya ta kama, hannunta ya tashi kamar guga daga rijiya, manuni ya fara tafiya tun kafin saiti ya zauna, bindiga ta yi tsalle ta dawo wurinta. Ta sauke. Ta sake. Ba ta leƙa madubin duba maki ba ko sau ɗaya, ba ta kuma juya ta ga abin da ke sa mutane gunaguni a layin Ghali ba. A harbi na ashirin da takwas gumi ya sa mariƙin ya ɗan zame. Mai gaggawa da ya matse. Ita ta yi amfani da daƙiƙa bakwai na ja ta sake jera yatsunta yadda aka koya mata, koriya ta same ta a shirye.

Da aka liƙa sakamako, Zalika na da ɗari biyar da sittin da ɗaya. Na huɗu, wani injiniya ɗan Tianhe, yana da ɗari biyar da sittin. Ya zo ya ɗan rusuna mata, ya ce a nuna masa mariƙin da ta yi wannan aiki da shi. Ta nuna masa na kulob, mai lamba goma sha biyu da fenti a gindi, irin wanda ake ba masu zuwa hoto. Malama Lin ta rubuta sunanta na uku a takardar wakilai, ta ce mata akwai horo Litinin ƙarfe tara, kada ta makara.

Ghali kuwa, kwarin da aka yi don karkataccen yatsa ya karkatar da nasa mai lafiya. Kowane shuri sai bindigar ta murɗe a hannunsa, harsashinsa biyu suka sauka a takardar maƙwabcinsa. Ya zo na goma sha shida cikin goma sha shida. A ranar kulob ya karɓe katinsa aka yanka shi biyu da almakashi a gabansa, aka soke sunansa har abada. Kafin la'asar labari ya gama hawa uku na Canaan. Tun daga ranar babu wanda ya sake ba shi samfur, babu kuma wanda ya sake ba shi ajiyar makulli.