Takardar da Ba Ta Isa Abuja Ba

Gambo ne ya koya wa Mahfuz harkar kirifto, wato kuɗin intanet, a wani ɗan shagon cajin waya da ke bakin Kasuwar Litinin. Shi ya nuna masa saye da sayarwa, da yadda ake gane ɗan damfara tun daga gaisuwarsa. Amma da kwamitin majalisa ya sa ranar sauraron jama'a a Abuja kan dokar da za ta tsara sana'ar, Mahfuz ƙungiyar masu sana'ar ta zaɓa ya je.

"Yana da digiri, Turancinsa ba ya tuntuɓe," in ji Ba'ana, shugaban ƙungiyar. "Kai kuma Gambo ka tura takardar, hannunka ya fi sauri."

Ƙa'idar zaman ita ce, sai wanda takardarsa ta isa ga sakataren kwamiti kafin Juma'a ta fita ake bai wa damar magana. Tasu roƙo ɗaya ta ƙunsa: kada a ce sai mai ofis da babban jari zai samu lasisi, domin a cikinsu babu mai ko ɗaya. In sharaɗin ya shiga doka, sana'arsu ta mutu, har da ta Gambo.

Gambo ya karanta ta sau uku. Hujjojin duk nasa ne, shi ya faɗe su a taro. A ƙasa kuwa sunan Mahfuz ne kaɗai. Ya kife wayar. Laraba ta wuce, Alhamis ta bi ta. Ranar Juma'a Mahfuz ya shigo da sabon ɗinki da hula zanna, yana jujjuyawa.

"Oga Gambo, ya ka gani? Na yi kama da ɗan majalisa?"

"Da ango dai."

"Ka tura ko?"

"Tun yaushe."

Ranar zaman 'yan ƙungiya suka cika shagon, aka jingina waya da robar ruwa ana kallo kai tsaye. Ketura mai POS ta bar teburinta ta leƙo.

"Ga shi can, layi na uku! Gambo, ɗalibinka ya shiga talabijin, kai kana nan kana korar ƙuda."

Aka kwashe da dariya. Gambo bai ɗago ba.

Lauyoyin manyan kamfanoni suka yi ta magana, bakinsu ɗaya: a tsaurara lasisi, 'yan bakin titi su ne ƙofar damfara. Shugaban kwamitin ya tambaya ko ƙananan 'yan kasuwa sun aiko da takarda. Sakatare ya duba, ya ce babu. Mahfuz ya ɗaga hannu, har ya miƙe. Aka ce ya zauna, sunansa ba ya cikin jeri.

Wani daɗi ya ratsa Gambo, gajere ƙwarai.

"Tunda babu wanda ya ƙi," in ji shugaban kwamitin, "sharaɗin zai shiga rahotonmu."

Kyamara ta daɗe a kan fuskar Mahfuz, yana riƙe da kwafin takardar da babu wanda zai karanta.

"Allah sarki," in ji Ketura. "Shi kaɗai ya tsaya mana."

Ko wannan tausayin ma shi ya samu, Gambo ya faɗa a ransa.

Ba'ana ya juyo a hankali, ya miƙo hannu.

"Gambo, kawo wayarka. Nuna min inda ka tura."

Gambo ya dubi hannun, ya dubi ƙofa. Mutane sun cike ta. Ya miƙa wayar.