Kiren Ɗin da Ferdi Ya Bari

Ranar da aka binne Ferdi, matarsa Burgi ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin kabari cikin baƙar riga tana kallon takalman fadan coci, tana tunanin ko ta kashe murhu kafin ta fito. Duk ƙauyen ya gani, kuma ƙauyenmu na nan lardin Steiermark ba ya ganin abu ya haɗiye. Wadda ta fi kowa riƙe maganar ita ce Zenzi, yayar marigayin, wadda ta sha kukan da ya ishi mutum uku.

Ita kanta Burgi abin ya tsaya mata a rai. Duk tsawon hunturu tana jiran baƙin ciki ya zo, bai zo ba. Ta sansana hularsa. Ta zauna a kujerarsa ta gefen murhu har ƙafarta ta yi sanyi, ta tashi ta wanke kofi. Daga baya sai tsoro ya fara shigarta, ko dama can ba ta taɓa son mutumin nan ba, miya kawai take dafa masa shekara da shekaru. Shi ma tsoron sama-sama take jinsa.

Ranar Asabar ɗin jajiberin Ista kowane gida yakan kai kwando coci a sa masa albarka: kyafaffen nama, burodi, ƙwai da saiwar kiren, wata farar saiwa mai yajin hawa ka da ake gogawa a ci da nama. Mai lambu kuwa ba ya kai kiren na kanti, sai dai in yana so a yi da shi har kaka. Da safe Zenzi ta leƙo ta kan shinge.

"Burgi, kin tono kiren ɗin ƙanena, ko shi ma kin binne shi kin kaɗe hannu?"

"Yanzu zan tono, Yaya."

"Kya tono mana. Ni dai ban san inda kika ajiye zuciyarki ba. In kin gan ta a cikin ƙasar, ki haɗo da ita. Zan biyo miki mu tafi coci."

Burgi ta ɗauki shebur ta nufi ƙarshen lambu, inda ƙanƙara ba ta daɗe da narkewa ba. Kunyar kiren aikin Ferdi ce shi kaɗai. A kwance yake dasa saiwar, in bazara ta yi nisa ya durƙusa ya buɗe ƙasa, ya ɗago kan kowace, ya murje ƙananan jijiyoyinta da babban yatsa, ya mayar ya rufe, don ta yi kauri ta miƙe. Bara ma ya yi, yana tari yana zagin gwiwarsa. Ta tono guda biyu, farare, santala-santala kamar rogo mai kyau, babu jijiya ko ɗaya a jikinsu. Ta riƙe su ta ce wa kanta, ga aikin hannunsa na ƙarshe. Ta ɗan jira. Abin da ta lura da shi kawai shi ne shebur ɗin yana son sabuwar ƙota.

Ta sa ɗaya a kwando, ta fere ɗayar don ci da nama in an dawo. Ferdi a waje yake goga kiren, a kan benci, ya juya wa iska baya, ita kuwa ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. Sai ta zauna a kicin, ƙofa da taga a rufe saboda sanyi, ta sunkuyar da kai kan magogi.

Yajin ya doke ta a hanci ya haye har tsakar ka. Idanunta suka cika, suka zubo. Hawaye ya bi kumatu, ya bi wuya, ga majina, ga numfashi yana sarƙewa. A haka Zenzi ta turo ƙofa ta same ta.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san aikin kiren, ga shi kuma warin ya cika ɗakin. Amma Zenzi ta gaji da jiran hawayen nan, ba ta tsaya tambayar daga ina suka fito ba. Ta ajiye kwandonta ta rungume ta.

"Wayyo ƙanwata! Ashe a ciki kike cinsa! Ki yafe mini, bakin nan nawa ba ya da linzami. Yi kukanki, yi. Na san kina sonsa."

Burgi ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta fasa. Ta kwantar da fuska a kafaɗar Zenzi ta saurari cikinta. Tunda hanya ta buɗe, wataƙila kukan gaskiyar ya biyo baya. Ta ji kamar wani abu ya ɗan motsa can ƙasan ƙirji, ta riƙe numfashi don kada ta firgita shi.

"Kai, ɗakin nan zai makantar da mu," in ji Zenzi tana share ido. Ta sake ta, ta nufi taga.

"Yaya, bar tagar nan," in ji Burgi.

Zenzi ta riga ta buɗe. Iska mai sanyi ta shigo daga lambu, kuma kafin ta juyo, idanun Burgi sun bushe.