Sharaɗin Kawu Mahdi

Har yau in na tuna zaman da aka yi a Fassi sai raina ya ɓaci. Ƙanena Tajuddeen matuƙin jirgin sama ne. Ni na goya shi, ni na san wuyar da ya sha. Ya fara da koyar da ɗalibai tuƙi, ya koma jirgin feshin tsuntsaye, daga nan na dakon kaya, kafin ya samu ɗan ƙaramin jirgin fasinja. Haka sana'ar take. Ba mai ba ka babban jirgi sai ka tara awanni a sama, awannin kuwa bin su ake yi duk inda suke.

Da ya nemi auren Bushra, waliyyinta Kawu Mahdi, mai shanu, ya turo bincike garinmu Rano kamar yadda aka saba. Masu binciken suka koma da magana ɗaya: yaron kirki ne, amma ba ya daɗewa a wurin aiki.

Baffanmu Zulkifilu ya ɗauke mu muka tafi Fassi, garin su Bushra, ba da baki. Ni ina ciki wajen mata, amma zana ba ta tare magana.

"Wanda kullum yake sauya ubangida, ina zai iya riƙe mace?" in ji Kawu.

Tajuddeen ya sunkuyar da kai. "Kawu, ba korata ake yi ba, gaba nake yi. Yanzu ma wani kamfani ya kira ni, babban jirgi za su ba ni."

"Kun ji ko? Zai kuma tashi! To, in kana son 'yata, ka zauna inda kake har a ɗaura aure, mu ga kamun ludayinka."

Wallahi ji na yi kamar in keta zanar nan in fito. A mota na ce wa Tajuddeen kada ya kuskura ya yarda, irin wannan kira ba kullum yake zuwa ba.

Ya ce, "Yaya Murja, jirage suna da yawa. Bushra ɗaya ce."

Ya ba kamfanin haƙuri. Kujerar da ya yi shekaru yana hari aka miƙa wa wani abokinsa da ko awanninsa bai kai ba.

Da aka gama girbi muka koma Fassi a sa rana. Muka tarar da garke wayam, sai turaku. Bushra ce ta gaya mini, idonta jawur: Kawu ya kaɗa shanunsa ya yi kudu neman ciyawa, kamar yadda yake yi duk shekara. Ya bar saƙo wai maganar aure sai damina ta sauka.

Ashe dai ya san abinci bin sa ake yi inda yake! Ga shanunsa ya sani. Ƙanena kuwa yana nan ɗaure a ƙaramin jirginsa, yana jiran Kawu ya gama yawo.