Firigon Inna Hajara

Lawwali yana tsaye a kan turmina, filaya a hannu, yana lalubar wayar da ta shiga ɗakin Inna Hajara. Bai ma nemi izinin turmin ba. Ta farko da ya datse ta ɗakin Zuhra ce, maƙwabciyarmu ta kudu, rediyonta ya mutu ana tsakiyar labarai, ta fito tana masifa. Ya ba ta haƙuri, ya ɗaure wayar da leda, sannan ya dace da wadda ya zo yanka. Fankar Inna ta yi 'yan juyi biyu ta tsaya.

Ita kuwa tana zaune a bakin ƙofarta tana gyaran zogale a faifai. Sai da ya diro ta ɗago.

"Ka gama, ɗan nan?"

"Inna, ba laifina ba ne. Tsarin Alhaji ne."

"To, Allah ya ba da lada."

Gidan namu na haya ne, a bayan tashar Matameye, ɗakuna shida a jere da tsakar gida ɗaya da kwantar wuta, wato mita, guda ɗaya. Mai gidan, Alhaji Iliyasu, yana Legas yana kasuwanci, ni dai ban taɓa ganinsa ba sai a hoton waya. Ya bar mu a hannun Lawwali, ƙanen matarsa, mutumin da in ka ba shi ajiyar akuya da safe, kafin la'asar zai zo yana tambayarka launinta. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da mun san inda za mu kama shi.

Idan faktir, takardar kuɗin wuta, ta zo daga kamfani, da kai ake raba ta. Ƙwan wuta kai ɗaya, fanka kai biyu, firigo kai biyar. Alhaji ne ya ƙirga kayan kowa da idonsa shekarun baya, kafin ya tafi, kuma tun daga ranar ƙirgen bai canza ba. A ɗakin Inna ya ga firigo, babba fari, daga ƙofa ma ana hango shi.

Firigon nan ya mutu tun kafin in tare a gidan. Na mijinta ne, marigayi Malam Yunus, wanda ya yi sana'ar sayar da ruwan sanyi a tasha har ƙarshen rayuwarsa. Inna ta yi ta biyan kai biyar ɗin shiru, daga ɗan abin da take samu na kwaɗon zogale, har lokacin da ƙafafunta suka fara kumbura, hawan jini ya hana ta zama a rana. A nan ne ta ce ta daina biyan wutar abin da ba ya shan wuta. Za ta ba da na ƙwai da na fanka, shi ke nan.

Lawwali ya ce sai ya tambayi Alhaji. Wata ya wuce, ya ce wayar Alhaji ba ta shiga. Muka ce ya shiga ɗakin ya duba da kansa, ya ce shi yana jin nauyin shiga ɗakin tsohuwa. Inna ta sa wuƙa ta yanke igiyar firigon ta miƙa masa a zaure, ya jujjuya ta a hannu ya ce ai igiya ana sake wata. Haka kuɗin faktir suka riƙa zuwa da giɓi, shi kuma maimakon ya kai abin da ya samu, sai ya riƙe yana jiran su cika. Ranar wata Talata ma'aikatan kamfani suka zo suka yanke gidan gaba ɗaya.

Mun yi kwanaki ba wuta, a tsakiyar bazara, a ƙarƙashin rufin kwano. Zafi yana ɓata halin mutane. Waɗanda suke gaishe da Inna har ƙasa suka fara habaici a bakin famfo. Aka yi karo-karo aka cike giɓin, wuta ta dawo, Lawwali kuma ya zo da dabararsa guda ɗaya tilo: a cire ɗakinta daga layi har Alhaji ya yi magana.

Da yammacin ranar da ya yanke, na jawo waya daga ɗakina zan kai mata. Mijina Abdulrazak yana ci-rani a Kano, ni kaɗai ce da yara, ba mai hana ni. Ta tare ni a ƙofa.

"Fadila, mayar da abinki. Sun ce ina satar wuta. Kina so su zo su gani da idonsu?"

"Inna, to bari in riƙa biyan na firigon, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. In na bari aka biya, na yarda ke nan ƙarya nake yi."

Na yi fushi da ita ƙwarai a ranar. Na ce to a fitar da tsinannen firigon a ajiye a tsakar gida kowa ya huta. Ta ja hannuna muka shiga. Ta buɗe ƙofarsa, ƙamshin turaren wuta ya fito. Ba komai a ciki sai farin yadi a ninke cikin leda.

"Likkafanina ne," ta ce. "Tare Malam ya saya mana, nasa da nawa. An sa masa nasa. Gidan nan gara ta cinye min akwati, ɓera ya cinye min tabarma, nan ne kawai ba sa shiga."

Na ce me ya hana ta nuna wa Lawwali. Ta ce ba ta shimfiɗa likkafaninta a gaban yaro don kuɗin wuta. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa, na kuwa yi shiru, ina ji ina gani.

Tana da 'ya ɗaya, A'ishatu, da ke aure a Icirnawa. Na kira ta, ta zo har sau biyu don ta tafi da ita, Inna ta ce ba ta kwana a gidan suruki tana da ɗakinta. Na tsare Lawwali a tasha na wanke shi tas a gaban 'yan kabu-kabu, ya rantse ya tura wa Alhaji saƙon murya, yana jiran amsa. Na yarda ya tura. Abin da ban yarda ba shi ne akwai wanda ya saurara.

Da rana Inna takan fito gindin bishiyar bedin tsakar gida da jiƙaƙƙen zane a kanta, in zauna ina mata fifita in na samu sarari. Amma bedi ma a bazara inuwarsa zafi ce. Numfashinta ya fara yin sama-sama. A asibiti suka ƙara mata magani, suka ce ta guji zafi, ta dawo tana dariya ta ce likitan da alama baƙo ne a garin.

Ranar Alhamis bayan azahar ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Da aka kira la'asar ban ji motsin butarta ba. Na leƙa na same ta a kan tabarma ta fuskanci bango, maficinta a hannu. Ɗakin kamar tanda. Na taɓa kafaɗarta, na san ba sauran magana. Kuka ma bai zo min ba sai daga baya.

Da masu wanka suka tambayi yadi, na buɗe firigon a gaban matan gida. Zuhra ta ga abin da ke ciki ta zauna a ƙasa. Aka kai Inna kafin magariba. Lawwali yana cikin masu ɗaukar makara, an ce har da hawayensa.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida da A'ishatu ana karɓar gaisuwa, sai ga sallamar wani mai gyaran wuta da tsani a kafaɗa. Ya ce Lawwali ne ya ba shi aikin tun makon jiya, Alhaji ya amsa ya ce a mayar wa tsohuwa wutarta kafin ya zo da salla ya duba maganar. Shi ne bai samu zuwa ba, don Lawwali bai ce da gaggawa ba ne, bai kuma ba shi kuɗin sayen wayar wuta ba sai jiya.

"Wane ɗakin ne?" ya tambaya.

Ya bi bango da ido har ya ga inda aka datse, ya jingina tsaninsa ya hau. Bai daɗe ba ya sauko yana kaɗe hannu.

Inna ba ta kashe makunnin fankar ba tun ranar da aka yanke. Muna zaune muka ji ta tashi a cikin ɗakin, a hankali da farko, sannan ta kama gudu. Labulen ƙofar ya ɗaga, muka hango firigon a buɗe, ledar da aka cire yadin daga ciki tana yawo a ƙasa.