Ƙanin Wake

"Kowa ya koma gidansu!"

Ina faɗin haka ƙananan hannaye suka faɗa kan faifan lokaci guda. Na zuba musu wake da gyaɗa da marafan kwalba da 'yan tsakuwoyi a cakuɗe, na jera gwangwanayen madara huɗu a gefe. Kowane gwangwani gida ne. Wake ya tafi gidan wake, gyaɗa ta tafi gidan gyaɗa. Wanda ya kai baƙo gidan da ba nasu ba sai mu yi masa ihu, ya zaro shi yana dariya.

Haka muke yi kullum da hantsi a gindin darbejiyar gidan Kawu Barau a Gagarawa, ni da yara shida da ba su isa shiga makaranta ba. Biyar na maƙwabta ne. Ta shidan Rahama ce, 'yar yayata marigayiya, shekararta huɗu. Tun rasuwar uwarta ni da ita muke zaune a wurin Kawu. Rahama ba ta gaggawa. Sai ta ɗauki ƙwaya ta jujjuya, in ta yi shakka ta lasa, sannan ta jefa, ta ɗago kai tana jiran in tafa mata. Ba ta taɓa kai baƙo gidan wani ba.

Ran nan Kawu ya tsaya a kanmu da buta a hannu, ya daɗe yana kallo. Hatsi yake sayarwa, duk Alhamis yana loda buhunan wake zuwa kasuwar Maigatari.

"Safinatu, ashe wasan nan naki ba shirme ba ne," in ji shi. "Dubi idon 'yar nan kamar na shaho. Gobe ki ara min su, akwai ɗan aiki a sito."

"To, Kawu," na ce, kaina a ƙasa. Har daɗi na ji. A zatona tsintar wake za su yi masa.

* * *

Kwana uku suna zuwa sito suna dawowa da alewa a kumatu. A rana ta huɗu Goggo Talatu, matar Kawu, ta aike ni in kai masa fura.

A bakin ƙofa na tsaya. Yaran suna zaune a kan buhu shimfiɗaɗɗe, gabansu tulin tsakuwa, babu wake a ciki ko ƙwaya ɗaya. Waken guda ne kawai, Kawu ya ɗora shi a kan murfin kwano a tsakiyarsu.

"Kun gan shi? Ku nemo min ƙannensa. Fari, mai santsi, daidai girmansa. Baƙi da ja ku jefar."

Rahama ta ɗauki wata tsakuwa ta jujjuya, yadda na koya mata, ta kara ta kusa da waken. Ta girgiza kai, ta yar. Ta ɗauki wata. Wannan ta yi, ta jefa ta a kwano. Kawu ya ɗebi cikin tafi daga kwanon, ya watsa a buhun waken da ke buɗe, ya cusa hannu har gwiwa yana juyawa. Da ya zaro hannun, ni kaina ban iya gane inda tsakuwar ta shige ba.



"Kawu..."

"Mene ne?"

"Wannan... ai mutane ne za su ci."

Ya yi dariya har da tari. "Malama ta yi magana! Mai saye ba shi da faifai a gidansu ne? Ya tsince mana. Ke tuwon da kike ci daga sama yake faɗowa? Ajiye furar ki ba ni wuri."

Na ajiye. Abin da yake ƙona min rai ke nan har yau. Na ajiye, har na durƙusa na ce masa sannu da aiki.

* * *

Goggo tana tankaɗe na gaya mata. Ko tsayawa ba ta yi ba.

"Sai yau kika sani? Da can yashi yake zubawa, tun daga bakin buhu ake kama shi. Wannan kuwa sai an tsallaka da shi Nijar, haƙori ne zai ba su labari." Ta kakkaɓe rariya. "Ke kika buɗe masa hanya ai. Allah ya yi miki albarka."

"Goggo, yara ne fa."

"To yara ba sa koyon neman na kansu? Kuma kwantar da hankalinki, namu daban yake. Ga buhunmu can bayan ƙofa, ko ƙura babu."

Albarkar nan ta manne min a jiki kamar majinar wani. Na wanke hannuna da sabulu, ban ji ta fita ba.

Washegari na tattara gwangwanayen na tura ƙarƙashin gado, na aika wa iyayen yara cewa an daina wasan. Ba wadda ta tambaye ni dalili. Kai tsaye suka riƙa tura su sito, tun da can akwai alewa. Rahama kaɗai na iya riƙewa. Na ce da Kawu zazzaɓi take yi, na zaunar da ita a ɗaki kwana biyar. Ina gaya wa kaina ai kwana huɗu ne kawai ta yi a can. Abin da ya shiga kan yaro a kwana huɗu zai fita.

* * *

Ranar Alhamis, bayan motar Kawu ta tashi, na fito da faifai gindin darbejiya. Na zuba wake da baƙaƙen tsakuwoyi, na ƙara da farare guda uku da na tsinta a aljihun rigarta. Na ajiye gwangwani biyu.

"Rahama, kowa ya koma gidansu."

Ta gyara zama. Wake ya tafi gidan wake. Baƙar tsakuwa ta tafi gidan tsakuwa. Hannunta ya kai kan fara ta farko. Ta jujjuya ta, ta lasa. Ba ta saka ta cikin wake ba. Na sauke ajiyar zuciya.

Amma ba ta saka ta cikin tsakuwa ba. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta dawo da gwangwani na uku.

"Rahama, tsakuwa ce fa. Ga gidansu nan."

"A'a, Anti. Waccan ta zubarwa ce. Wannan ta ci ce."

"Ke za ki ci?"

Ta yamutsa fuska, kamar na tambaye ta ko za ta sha ruwan kwata. "Ba mu ba."

"To su wa?"

"Mutanen da ba mu sani ba."

Ta jefa ta cikin gwangwanin, ya yi ƙara ƙwal. Ta nemo ta biyu da ta uku, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ta ɗago kai, ko alamar alewa babu a kumatunta, tana murmushi, tana jiran in tafa mata.