Akwatin Baba Mai Tsagaggen Murfi

Gari na wayewa Delmer ya jingina da gindin bishiya, ya goga ɗan akwatinsa na katako, ya fitar da kukan macen talotalo don ya jawo namiji. Daga cikin kwari wata macen ta amsa. Ya sake gogawa, ta sake amsawa, ta matso.

Sai ya ji ƙarshen kukan da ke amsa masa ya karye kamar ƙyauren da ya rasa mai. Babu tsuntsuwa mai irin wannan murya a duk tsaunukan Ozark. Akwatin mahaifinsu ne mai tsagaggen murfi, kuma yana hannun wansa Orval, wanda rabonsu da magana tun rabon gado.

Orval yana da yana a ido, ga saurin hannu. Ya taɓa ɗirka wa kututture harsashi, ya rantse ya ga fukafukai. Yanzu ga shi yana sanɗo, yana zaton namiji na tare da macen da yake ji.

Delmer ya tuna hularsa da ƙaya ta fizge a hanya. Jan sanƙo, farin gemu: kan namijin talotalo sak.

Kowane maharbi ya san ƙa'ida. Kada ka motsa, kada ka ɗaga hannu, ka yi magana da muryar mutum. Abu mai sauƙi ga wanda bai rantse a bakin kabarin uwarsa cewa ba zai taɓa fara yi wa Orval magana ba.

Busasshen ganye ya yi ƙaras. Bakin bindiga ya leƙo ta cikin duhuwa, yana lalube, ya tsaya daidai goshin Delmer.

"Orval! Kai makaho! Mutum ne!"

Daji ya yi tsit.

"Wane mutumin?"

"Ƙanenka mana, tsohon banza! Sauke abin nan!"

Bindigar ta yi ƙasa a hankali. Orval ya fito, ya zare harsasan, ya zauna a ƙasa.

"Na ce wace kaza ce mura ta kama haka," in ji shi. "Ashe kai ne. Har yau ba ka iya kira ba."

"Ya dai kawo ka."

Orval ya daɗe yana kallon sanƙon nan. Ya cire hularsa ya wurga masa.

"Rufe wannan abin. Kuma ka sani, kai ka fara magana."