Randar da ke kife bayan ɗaki

Ƙanena Sufyanu, in ya koyo abu a boko, bai iya riƙe shi a ciki. Yana koyon aikin malanta a wata firamare nan Ƙaura Namoda, ranar Talata kuma za a zo duba yadda yake koyarwa. Darasin nasa kalma guda ce ta Turanci, "shatter". Ya cika mana kunne da ita: wai tarwatsewa take nufi, wai a tsohon Turanci ita da "scatter" tushensu ɗaya, abu ya fashe kuma ya watse. Na ce, "To mun ji, Malam, bar mu mu ci tuwo."

Shi fa so yake yara su gani da idonsu. Ranar Talatar da safe kakarmu Indo ta shiga suna a maƙwabta, ni ina shago kan keken ɗinki, sai gogan ya ɗaure randar da ke kife bayan ɗakinta a babur, ya yi gaba.

Randar nan tare muka gudo da ita daga Kurya Madaro. Mutane na jefa buhunan gero cikin mota, Kaka ta kafe ba ta shiga sai da randarta, tsakanin ƙafafunta ta riƙe ta har Ƙaura. Ba ta taɓa zuba mata ruwa ba. Mun ɗauka rigimar tsufa ce, ba wanda ya tambaye ta.

Da la'asar Sufyanu ya shigo baki har kunne.

"Yaya Hafsat, kin yi asara! Kan tebur na hau, na sake ta a siminti. Tas! Yara suka ɗau ihu, mai dubawa har da tafi."

Kaka tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta waiga bayan ɗaki, ba komai sai shatin randar a ƙasa.

"Maigida," haka take tsokanarsa, "randata ka fasa?"

"Haba amarya, wannan tsohuwar? Sabuwa fil zan kawo miki ran kasuwa."

"Biyu ta rabe? In biyu ne ba komai, kawo in ajiye. Dama haka za a raba ta."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya fita ya dawo da buhun da yara suka share gutsattsarin a ciki, ya zazzage gabanta. Babu guda da ya kai tafin hannu.

A wurinmu, in an sa mamaci a kabari, manyan ɓarin tukwane ake jerawa a bakin ramin don kada ƙasa ta zubo masa. Na san haka, Sufyanu ma ya sani. Amma hankalinmu bai taɓa kaiwa can ba.

"Randunan biyu ne," in ji Kaka, tana juya gutsattsarin da yatsa. "Uwata ta gina su, ta ba ni ranar aurena. Da guda aka rufe kakanku a Kurya. Na san ba mai kai ni kusa da shi yanzu, hanya ba ta biyuwa. Shi ne na ce, ko rufinmu ya zama iri guda."

Wallahi kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Ni da nake shanya tsummokaran goge-goge a kanta! Na so in zazzaga wa Sufyanu masifa. Shi kuwa ya durƙusa, yana ta haɗa ɓari da ɓari kamar za su kama.

Da ta zage mu da mun samu sauƙi. Sai cewa ta yi, "Ɗiyan mutane dai sun gane karatun?"

Da ƙyar ya ce, "Sun gane, Kaka."

"To madalla."

Ta tona ta zaɓo wanda ya fi girma, ta goge shi da bakin zanenta, ta miƙo mini.

"Hafsat, ajiye wanga. In ranar ta zo, ki aika wa masu haƙa, ki ce su ɗora shi bisa rufin, daidai fuskata."